Mai Tsayuwa a Bakin Sanduna

Shekara talatin da ɗaya ina rataya lambobi
a allon maki na Yarrowong,
bayan rumbun alkama, inda iskar kudu ke yanko fili.
Daga nan sama, babu wanda ban gani ba.

Daren Alhamis, bayan atisaye, gardama ta kaure a ɗakin kulob.
Desmond Petrakis ya ce a nemo dogo,
mai mita biyu, wanda zai tsinko ƙwallo
kamar mai ɗauko kwalba daga saman kabad.
Noeleen Schurmann, mai dafa mana shayi,
ta ce tsawo bai taɓa cafe komai ba,
hannu ake so, hannu mai danƙo.
Koci na ta zane a bayan ambulan,
faɗin ƙirji, kaurin cinya, gudun mita ashirin,
sai ka ce rago zai saya a gwanjon Talata.
Ni dai na hura kofina, na yi shiru.

Domin na san Alby Wozniak.
Sausayar tumaki yake yi Litinin zuwa Juma'a,
ran Asabar ya zo da ƙugu a sage,
riga mai yankakken hannu cikin sanyin Yuli,
gwiwar hagu naɗe da bandeji.
Ba shi ne mafi tsawo ba.
Amma ya san inda ƙwallon nan mai siffar ƙwai za ta sauka
tun tana hannun mai bugowa,
yadda manomi ke jin ruwa kafin hadari ya haɗo.
Sai ya yi kamar zai koma baya,
mai tsaronsa ya bi,
shi kuwa ya ɓalle gaba, ƙirji a buɗe.

In mutum uku suka rufe shi, ba ya neman suna.
Ya faɗa tsakiyarsu da kafaɗa, taro ya watse,
ƙwallo ta zubo ƙasa,
ƙananan 'yan gaba su tsince ta kamar kaji a masussuka.
Makin ya hau sunansu.
Shi ya tashi yana tofar da ciyawa.

Akwai wata Asabar da laka ta kai idon sawu.
Sau huɗu ya cafe, sau huɗu ya buga,
sau huɗu ta kauce ta bi ta gefen doguwar sanda.
Ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya.
Hannuna ya gaji da rataya ƙaramar lamba.
Wani ya ƙwala daga cikin mota: koma wurin tumakinka!

Ana binmu biyar, ya sake cafewa, jiniya ta yi kuka.
Mita arba'in da biyar, iska na tura hagu.
Ya ja safarsa sama.
Ya tsinki ciyawa ya saka, ya duba inda ta nufa,
fuskarsa kamar yanzu ya iso filin,
kamar huɗun can wani ne ya zubar.
Taku tara. Ƙafa.

Alƙalin sanduna ya miƙo yatsu biyu,
farar tuta biyu ta tashi,
motocin da suka kewaye fili suka ɗauki hon gaba ɗaya
har fararen aku suka watse daga itatuwa.
Na rataya shidan a karkace, ban gyara ba sai Lahadi.

Yanzu Alby na zaune a benci da sandar dogarawa,
yana ɓare lemo ga 'yan ƙasa da sha huɗu.
Desmond ya juyo: kai mai allo, wane iri za mu nema?
Na ce wanda ake duka bai fasa zuwa ba,
wanda mantuwarsa ta fi ƙafarsa sauri.
Koci ya ɗaga biro, ya duba ambulan ɗinsa,
ya rasa layin da zai rubuta wannan.